Ido Kawai, Ban da Hannu

Misis Pascoe ta ja layi a kan yashi da bakin sandarta, ta kewaye 'yar shukar tsaf, sannan ta ɗaga kai sama tana neman fuskar Gajere. Sai da ta kare rana da tafin hannu kafin ta same ta.

"Lindsay, ka ga layin nan?"

"Na gani, Misis Pascoe."

"Ƙafarka ba ta tsallake shi. Hannunka ba ya tsallake shi. Ido kawai na ce ka sa mata."

Duk garin Warrabin ita kaɗai ke kiransa Lindsay. Mu Gajere muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci, kamar yadda muke kiran Kev Dunstan, shugabanmu na 'yan kwana-kwanan sa-kai, Mai-Suma, saboda kansa sumul yake kamar ƙwai. A garinmu in ba a juya maka suna ba, to ba a gama karɓar ka ba. Shi ya sa "Lindsay" ɗin nan ke sukar Gajere har zuciya. Saura 'yan watanni ya auri Narelle, 'yar matar nan tilo, amma har yanzu kiran layin asibiti take yi masa.

Ya dubi abin da aka ba shi amana. Tsakar zafin Fabrairu ne, kuma shukar ba ta fi gwiwarsa ba. Kai ka ce tsohuwar tsintsiya aka soka a ƙasa aka manta. Ganyenta ƙanana kamar ƙwayar riɗi, sun maƙale wa rassan, sun yi launin tsatsa.

"Kamar tana jin ƙishi," in ji shi.

"Haka take kowane rani."

"Kuma ƙasar nan ba ta da komai. Yashi ne zalla."

"Shi take so."

Narelle ta danna hon daga mota. Perth za su, inda za a sauya wa tsohuwar ƙashin kwankwaso, Narelle kuwa nas ce, ta ɗauki hutu don ta zauna da ita har ta taka. Misis Pascoe ta juya, ta yi taku biyu, ta waigo.

"Ido, Lindsay."

Wanda bai ga tauraruwa, wato shukar nan, a watan Satumba ba zai ce tsohuwar ta cika fi'ili. Mu mun gani. Da ruwan sanyi ya ɗauke, tsintsiyar nan sai ta rufe kanta ruf da taurari masu kusurwa biyar, ja-ja mai shunayya, tsakiyarsu gashi ruwan ƙwai kamar an barbaɗa. In furen ya zube sai ya bar wasu 'yan koƙuna masu dogayen wutsiyoyi siri-siri kamar gashin bakin kyanwa, iska ta yi ta wulwula su tana zubarwa cikin yashi.

Tudun da take kai yana bayan rumfar askin tumaki, kuma shi kaɗai ne marigayi Clem Pascoe bai share ya shuka alkama ba a duk gonarsa. Shi ya ce don a nan ya nemi Merle, wato Misis Pascoe, da aure ne. Maƙwabta suka ce tarakta ce ta kafe masa a yashin sau biyu ya haƙura. Ko ma wanne ne, a da tudun cike yake da tauraruwa, sai suka yi ta tsufa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu sabuwar da ta fito, har ya rage wannan. Da Clem ya rasu aka ƙona gawarsa yadda ya yi wasiyya, a gindin shukar aka zuba tokar. Narelle kuwa tun ranar da ta karɓi zobe ta yanke hukunci: a Satumba za a ɗaura, a kan tudun nan, a gaban tauraruwar babanta.

To ga matsalar. Gajere manomin alkama ne, ɗan manomin alkama, jikan manomin alkama. A ƙasarmu yashi ba ya ba ka ko gaisuwa sai ka ba shi takin zamani na sufa, kuma a gidansu Gajere magani ɗaya aka sani: in abu ya yi rawaya, sa masa sufa. In bai farfaɗo ba, ƙara. Aljihunsa ba ya rabuwa da fararen ƙwayoyin takin nan, har injin wankinsa ya mutu da su. Karensa ya yi ƙibar da sai an ɗaga shi ake sa shi a bayan a-kori-kura. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ramamme ya wuce.

Farkon kwanakin ya yi ƙoƙari, a faɗa masa gaskiya. Kullum in ya gama ba tumakin tsohuwar ruwa sai ya je ya tsaya a bakin layi, hannu a baya, yana sa ido. Ya sa ido da safe, ya sa da yamma. Shukar ta yi ta kallonsa ita ma, a bushe, ƙudaje suna kewaya su duka biyun.

Ranar da kwalta ta fara narkewa a bakin shagon gari, sai ya zauna ya yi nazarin maganar. An ce ƙafa. An ce hannu. Ba wanda ya ambaci tiyo.

Ya jawo tiyo daga tankin rumfa, ya tsaya nesa da layi, ya harba ruwa ta sama ya sauka a gindinta. Yashin ya shanye kamar ba a yi ba. Ya ƙara. Washegari ya dawo ya ƙara.

Daga nan sai hanya ta buɗe. In mutum ya tsaya a waje ya watsa abu, ai hannunsa bai tsallake layi ba, abin ne ya tsallake. Ya laluba aljihu ya watsa mata sufa 'yar kaɗan, irin yadda ake watsa wa kaji tsaba. Sai kuma ya tuna ƙarƙashin rumfar aski akwai kashin tumaki da ya taru tun zamanin Clem, baƙi, mai maiƙo, yana zaune a banza. Shebur mai dogon hannu ya samo. Hannun shebur ai ba hannunsa ba ne.

Abin haushin, da farko sai ta amsa. Ta fitar da 'yan tofo kore shar a kan rassan. Gajere ya zo taronmu na 'yan kwana-kwana yana tafiya kamar ya ci zaɓe.

"Ku jira Satumba," ya ce. "Sai an sa tsani kafin a ga furen sama. Matar nan da bakinta za ta ce mini Gajere."

"Me ka yi mata?" Mai-Suma ya tambaya.

"Ido na sa."

"Idon naka warin kashin tumaki yake yi."

Ba a jima ba kan tofon ya yi rawaya. Ku kun san maganin rawaya a gidansu Gajere. Ya ƙara. Rawaya ta koma ƙasa-ƙasa, ya ƙara ruwa. Ƙasa-ƙasa ta koma baƙi. Wata safiya ya miƙa kan shebur ya taɓa reshe, reshen ya karye ƙas, ganyen ya zube gaba ɗaya kamar an girgiza barkono.

A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara. Narelle.

"Dogon banza, ya kake? Mama ta fara takawa. Jiya ta kori likita ɗaya, alamar sauƙi ke nan. Ƙarshen mako muna hanya."

"Wannan makon?"

"Ba ka murna?"

"Murna ce ta shaƙe ni."

"Mama na tambaya, ya tauraruwar Baba?"

Gajere ya dubi ƙiraren da ke gabansa. "Tana nan inda kuka bar ta," ya ce. "Ko motsi ba ta yi ba."

Ya sami Mai-Suma a rumfar motar kashe gobara yana shan shayi da biskit, ƙafa a kan taya. Ya zayyana masa komai. Mai-Suma ya saurara har ƙarshe, ya tsoma biskit, ya ciro, ya duba shi.

"Wato ka ciyar da ita har lahira."

"Taimako na yi!"

"Mutumina, abar nan a cikin yunwa aka haife ta, a cikin yunwa ta tsufa. Kamar ka ɗauki kakata ne, mai rayuwa a kan shayi da gasasshen burodi, ka ɗura mata rago guda."

"Akwai irinta a gefen hanyar tafkin gishiri. In tono ɗaya in dasa."

"Na farko, doka ta hana, kuma matar da ke lura da gefen hanya ƙawar surukarka ce. Na biyu, in ka tone ta kafin ka kai mota ta mutu, ba ta son a taɓa mata saiwa. Na uku, Merle ta san kowane reshe na tata da suna."

"To ya zan yi?"

Mai-Suma ya kurɓi shayi. "Sai dai ka ce tsawa ce ta faɗo mata."

Wasa yake yi. Kowa a Warrabin ya san in Mai-Suma ya ɗaga gira ɗaya wasa yake yi. Amma Gajere daga sama yake kallon mutane, tsakar kai yake gani, ba ya ganin gira.

Washegari da hantsi ya tafi tudu da ashana da 'yar jarkar dizal. Dabararsa mai sauƙi ce: ya ƙona ƙiraren kaɗai, ya bar baƙin tabo a cikin layi, ya ce ikon Allah. Ya ma tsaya a waje ya wurga ashanar, don kada ya saɓa alkawari.

Ƙiraren suka kama fuu. Sai iskar gabas, wadda tun safe take kwance kamar ba ruwanta, ta miƙe. Wutar ta tsallake layin Misis Pascoe ba tare da neman izini ba, ta faɗa busasshiyar ciyawa, ta kama matattun rassan da suka shekara da shekaru a tudun, ta kama gudu ta nufi rumfar aski.

Gajere ya ruga ga tiyo. Tiyo ya yi tari sau biyu ya tofar da laka. Duk ruwan tankin ya riga ya ba marigayiya.

Mu muna gonakinmu muka hango hayaƙi, jiniyar gari ta ɗauka. Oba-obar da ke cikin motar Gajere ta fara kururuwa da muryar Mai-Suma: "Gobara a gonar Pascoe, bayan rumfa! Duk wanda ke kusa ya amsa!"

Shekarun da ya yi yana wannan aiki suka fi ƙarfinsa. Ya fizgi oba-oba. "Gajere ne. Ina wurin."

"Har ka kai? Kai, namiji! Riƙe ta, ga mu nan!"

Muka iso da motoci da tankuna muka same shi ya sa rigar aiki a bai-bai, yana dukan wuta da buhun sufa. Muka tare ta a bakin rumfa, saura ƙiris ta lashi katako. Tudun kam ya tafi, ya koma baƙi ƙirin daga shinge zuwa shinge, yana hayaƙi. Muka yi ta dukan bayan Gajere, inda hannunmu ya kai. Wani ya ce a rubuta sunansa a ba shi lambar yabo. Matan gari suka iso da burodi da nama da butar shayi, aka ba shi kofin farko.

Sai Mai-Suma ya dawo daga zagayen duba tushen wutar, riƙe da wata narkakkiyar jarka a kan sanda.

"Gajere, me ya tayar da ita?"

Gajere ya haɗiye burodi. "Tsawa."

Gaba ɗayanmu muka ɗaga kai. Sama shuɗiya tas, ko tsumman gajimare babu. Rabonmu da hadari tun kafin Kirsimeti.

"Tsawa," Mai-Suma ya maimaita. Ya ɗaga jarkar. "Da guzurinta ta zo ke nan."

Ranar Asabar motar Narelle ta shigo gona. Misis Pascoe ba ta ko shiga gida ba. Ta fito da sabon kwankwasonta da sanduna biyu, ta bi warin ƙauri har bayan rumfa, Narelle na biye, Gajere na bayansu yana ƙoƙarin rage tsawo. Ta tsaya inda layinta yake a da. Ta ƙura wa tokar ido. Sannan ta sa bakin sanda ta tona tokar, ta turo wasu fararen ƙwayoyi da wuta ba ta ci ba, da wani dunƙulen abu da kowane mai tumaki ya sani.

"An ce mini tsawa ce."

"Haka... haka ake faɗa a gari."

"Tsawar da ke yawo da sufa. Ta kuma tsaya ta yi kashin tumaki kafin ta wuce."

"Misis Pascoe, ƙafata ba ta tsallake layi ba. Na rantse. Hannuna ma..."

"Lindsay." Ta jingina da sandunan. "Sau biyu ke nan ana ƙona Clem. Na farkon dai shi ya nema."

Narelle ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tsuguna ta ɗebi tokar a tafin hannu, ta duba, ba ta san wacce ce ta baba wacce ce ta tsintsiya ba. Ta mayar a hankali, ta goge hannu a wando.

"Abu ɗaya aka ce ka yi," ta ce. "Kuma abin shi ne kada ka yi komai."

"Rama ta yi, Narelle. Tausayi ta ba ni."

"Na ce a gaban tauraruwar Baba za a ɗaura mini aure. Nuna mini ita."

Ya juya ya dubi baƙin tudun.

Ta zare zoben, ba ta jefe shi da shi ba, ba ta kuma ba shi ba. Ta wuce kicin ta jefa shi cikin gwangwanin sukari ta rufe. Labari ya iso gari kafin shayin ya huce.

Watannin da suka biyo baya Gajere ya ga duniya. Hukuncin cinna wuta ba izini, Mai-Suma ya ɗora masa wankin motar kwana-kwana har ƙarshen shekara. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mu. In ya shigo shago sai wani ya leƙa waje ya ce, "A kwashe shanya, hadari ya taso." 'Yan makaranta in motarsa ta wuce sai su haɗa baki su yi rugugi. Matar gidan waya ta fara tambayarsa ko gobe za a yi ruwa, tunda shi ke da hulɗa da sama.

Bai daina zuwa gonar ba, don tumakin tsohuwar ba su yi masa laifi ba, amma an kafa masa sabuwar doka: shingen tudu ne iyakarsa. Ya zo da shawarar ya kawo tarakta ya nome wurin ya shuka ciyawa mai laushi, irin ta filin ƙwallo. Misis Pascoe ta ɗaga sanda ɗaya. Ya ce to zai sayo furanni a tukwane daga Perth ya jera, manya-manya, masu kyau. Ta ɗaga ta biyun, ta tsaya da ƙafafunta ba tallafi, abin da likita ya ce sai nan gaba za ta iya. Narelle kuwa in ya yi gaisuwa sai ta amsa wa karen.

Sai ga ruwa. Ya sauko a Yuni da sanyinsa, ya yi kwana da kwanaki yana yayyafi, kowa ya hau tarakta aka shiga shuka, aka ɗan manta da Gajere. Shi ma ya shuka tasa alkamar, ya ba ta sufa iya son ransa, ita dai ba ta taɓa ƙi ba. Har ya rame, abin da bai saba bari kowa ya yi ba.

Wata safiya mai raɓa wayarsa ta yi ƙara.

"Lindsay, zo. Kafin ka fito daga mota ka zazzage aljihunka."

Ya same su su biyu a bakin shingen tudu, cikin manyan rigunan sanyi. Tsohuwar ta nuna ƙasa da sanda.

"Durƙusa."

Ya ɗauka hukunci ne, ya durƙusa a cikin laka ya sunkuyar da kai.

"Ba roƙo na ce ka yi ba. Duba."

Ya zura kai ta tsakanin wayoyin shingen. Da farko baƙar toka kawai ya gani. Sai idonsa ya saba, ya ga wani abu kore, siriri, bai kai tsinken ashana ba, da 'yan ganye biyu a kai. Kusa da shi wani. Bayansa wasu. Ya ɗaga kai a hankali, ya ga tudun gaba ɗaya ya yi gashi-gashi kore, kamar haɓar saurayi, tun daga shinge har gindin rumfa.

"Ciyawa ce?"

"Wasu ciyawa ne. Wasu abubuwa ne da rabona da su tun ina amarya. Waɗannan kuwa," ta nuna, "masu kara ja, ita ce. Shekara da shekaru tana zubar da iri a yashin nan, ita da 'yan'uwanta, ba ya tsirowa sai ya ji hayaƙi. Mutanen Noongar da suka riga kowa zama a ƙasar nan lokaci-lokaci suke sa wa irin wannan tudu wuta. Na daɗe ina roƙon wancan mai ƙwan kan ya ba ni izini, yana ce mini rumfa ta yi kusa."

Gajere ya fara miƙewa, fuskarsa na buɗewa. "Ashe ke nan na..."

"Kada ka kuskura." Muryarta ta sauka. "Waɗannan ban san su ba tukuna. Waccan na sani. Da ita nake hira in na zo wurin Clem."

Ya koma ya durƙusa. Wannan karon ba wanda ya sa shi. Aku ya yi kuka a kan rumfa.

"Ku yafe mini," ya ce, ba tare da ambaton layi ba.

Tsohuwar ta share hanci da bayan safar hannu, ta nuna tsakiyar tudun. A can, daidai inda layinta yake a da, akwai wani da'ira mai faɗin teburin cin abinci. Ko tauraruwa ɗaya babu a ciki. Haki ne kawai, mai kauri, kore shar, ya yi tsawo yana sheƙi, da 'yan ƙwayoyin alkama da suka tsiro daga kashin tumaki.

"Ga gonarka can," ta ce.

Narelle, wadda tun ɗazu take kallon wani wuri, ta yi wani sauti ta hanci. Ta yi ƙoƙarin mayar da shi tari, bai yiwu ba.

"Ga tauraruwa, Narelle," in ji Gajere a hankali. "Kin ce in nuna miki."

"Babu fure. Sai nan da 'yan shekaru za su yi."

"Ai da za a ɗan taimaka musu da..."

Duka biyun suka juyo. Ya haɗiye sauran.

"Ke dai kin ce a gaban tauraruwa, ba ki ce mai fure ba," in ji tsohuwar. "Wancan ma ya iya lauya magana, bare ke da na haifa. Kuma na gaji da cin karo da zobe duk lokacin da zan sha shayi. Saura kaɗan in haɗiye shi shekaranjiya."

A Satumba aka ɗaura. Sai dai Misis Pascoe ta ce duk wanda ya taka mata tsiro ɗaya, da sandarta zai gana. Don haka mu 'yan biki a bayan shinge muka jeru, cikin kwat da takalman gona, muna korar ƙudaje, fasto ma daga nan ya yi ta ɗaga murya. Aka shimfiɗa katako ɗaya siriri a kan bulo daga shinge zuwa tsakiyar tudu. Wuri ɗaya ne tak a duk faɗin tudun da mutum zai iya tsayawa bai kashe komai ba, wato da'irar Gajere. An yanke hakin an share. A nan ango da amarya suka tsaya, tsiron tauraruwa kewaye da su ta ko'ina, ba wanda ya fi yatsa.

Kafin ya hau katakon, tsohuwar ta tare shi ta laluba aljihun kwat ɗinsa da kanta, dama da hagu. Ta ja baya ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu.

"Wuce, Gajere. Ka kalli inda kake sa ƙafa."

Saura kaɗan ya faɗo daga katakon.

Ana cikin karanta alkawari, sai muka ga idon ango ya sauka ƙasa. Can gefen da'irar akwai wani ɗan tsiro da ya fi sauran rama, kansa ya ɗan yi rawaya. Gajere ya kalle shi. Ya kalli fasto. Ya sake kallonsa. Yatsunsa suka fara motsi suna neman hanyar aljihun wando, wanda ba a laluba ba.

Narelle ta kama hannayensa duka biyu ta riƙe gam, ba ta sake su ba har fasto ya rufe littafi. Baƙin da suka zo daga Perth suka yi ta share hawaye, suna cewa ba su taɓa ganin amarya mai son mijinta haka ba.